Tukwanen Maliki Biyar da Bokitin Ruwan Kusugu

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Ba ta gizo ba ce, ta wani ɗan'uwansa ce mai ƙafa biyu da gemu.

A birnin Daura, kusa da inda 'yan acaɓa ke lodin Mai'adua, akwai wani jerin shaguna da ake kira Layin Kanikawa. Nan wani mutum mai suna Maliki yake wuni. Wuni fa, ba sana'a ba. Matarsa Shatu ke toya ƙosai da awara a rumfar bakin layin, da kaskonta ake ci a gidan. Shi kuwa aikinsa zama kan benci yana shafa gemu yana gyara wa mutane sana'arsu da baki. Ya koya wa makaniki ɗaure noti, ya koya wa mai shayi tankaɗa madara, har wanzami ya taɓa nuna wa yadda ake riƙe aska. Duk wannan ilimi, in ji shi, a Kano ya samo shi, inda ya taɓa gadin wani kamfani na mako uku. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: ya haura hamsin, amma ba a taɓa kiransa da wani suna ba sai Maliki, tsurarsa, kamar tuwo ba miya.

Ana nan, wata rana shagon wani tela ya ƙone ƙurmus da ɗinkunan mutane. Tsoro ya kama layin. Aka haɗa hannu aka sayo tukwanen kashe gobara guda biyar, aka jera su gaban rumfar Shatu, aka kira Baba Sha'aban ya yi bayani. Baba Sha'aban tsohon ɗan kwana-kwana ne, ya shekara talatin yana bin gobara kafin gwiwa ta zaunar da shi.

Tsoho ya tauna ƙosansa a tsanake, sannan ya ce, "Wuta ba ɗaya ba ce, jama'a. Dangi-dangi ce, kowace da abin da take ci, kowace da abin da ke kashe ta. Ku dubi ɗamarar da ke jikin kowace tukunya. Wannan ja zalla ruwa ne a cikinta, ta wutar itace ce da kara da tufa da takarda. Mai ɗamara ruwan madara kumfa ce, ita ke lulluɓe fetur da kananzir. Mai baƙar ɗamara da ƙaho iska ce mai sanyin tsiya, ta kayan lantarki ce, kuma ba a riƙe ƙahon da hannu. Mai shuɗiya hoda ce, ta fi su yawan amfani, har wutar iskar gas tana yi, amma ba a sakinta a fuskar jama'a. Mai rawaya kuwa, ke Shatu, taki ce, ta man girki in ya kama. Kuma in gas ne, a fara rufe kansa tukuna."

"To, Baba," in ji Shatu, tana juya ƙosai.

Maliki ya yi wata dariya ta cikin hanci. Ya ce, "Baba, da girmanka da furfurarka! Wuta ai wuta ce. Ka taɓa ganin wuta ta tsaya tana tambayar launin ɗamara? Mu da muka yi kwas ɗin kashe gobara a Kano, da ido kawai muke kallonta ta kwanta."

Kwas ɗin nan kuwa, ranar da aka yi shi a kamfanin, Maliki yana bakin ƙofa yana buɗe wa motoci. Hayaƙin kawai ya hango.

Okey, mai shagon kayan gyaran babur, wanda ya shekara ashirin a layin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari kaifi, ya leƙo ya ce, "Oga Maliki, ranar gobarar tela ina idon naka yake?"

"Na tafi kiran 'yan kwana-kwana."

"Har garin Dutsi? Ai a can aka tsinto ka, takalmi ɗaya a ƙafa."

Layi ya kwashe da dariya. Maliki ya ce hassada ga mai rabo taki ce.

Mai Unguwa Abdulbaƙi ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce tukwanen nan suna bukatar mai riƙonsu, wanda za a kira Sarkin Wutar Layi, a ba shi jar hular kwano. Ya fito da hular daga leda, tana ƙyalli. Baba Sha'aban ya nuna gwiwoyinsa ya ce a kai kasuwa. Maliki kuwa tun da ya ji kalmar Sarki, zuciyarsa ta bar ƙirjinsa ta shige cikin hular nan ta zauna.

Ya zube ya ce, "Ranka ya daɗe, wa za a nema alhali ga ni?"

Mai Unguwa ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Baki ba ya kashe wuta, Maliki. Ran Asabar bayan la'asar ka nuna mana a gaban jama'a. In ka iya, hula taka ce."

Maliki ya roƙa a ba shi tukwanen ya kai gida ya duba lafiyarsu. Aka ba shi, don ba wanda ya zaci akwai ɓarnar da mutum zai iya yi wa ƙarfe.

An raina Maliki.

Da ya jera su a tsakar gida ya ja baya ya ƙare musu kallo, sai ransa ya ɓaci. Wannan baƙar ɗamara, waccan shuɗiya, ga wata rawaya, ga rubuce-rubucen Turanci da zane-zane ko'ina, kamar 'yan biki da aka hana su anko. Ya ce dakarun sarki ba sa fita da kaya barkatai. Washegari ya samo gwangwanin jan fenti da buroshi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shafe ɗamara, ya shafe rubutu, ya maimaita har sau biyu. Da suka bushe ya rubuta wa kowace da farin fenti: MALIKI MAGANIN WUTA.

Shatu ta dawo ta tarar da aikin. Ta ajiye kasko ta riƙe haɓa.

"Malam, ina ɗamarun?"

"Na tuɓe su. Ki duba yadda suka yi kyau, kamar motocin gwamna."

"To yanzu wace ce tawa, mai rawayar?"

"Duk naki ne, tunda duk na mijinki ne."

"Baba Sha'aban fa ya ce..."

"Baba Sha'aban, Baba Sha'aban! Shi ke aurenki? Mace da ƙosai, namiji da wuta. Kowa ya tsaya a fagensa."

Shatu ta ce, "Ni dai shekara ashirin ina zaune gaban wuta, kai ko shayi sai an dafa maka. Amma wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Bai tsaya nan ba. Ran Juma'a ya tafi Kusugu ya ciko bokiti da ruwan rijiyar, ya rufe da faifai, ya ce wannan shi ne babban makami, don a ganinsa ruwan da ya shayar da Daura tun kaka da kakanni babu wutar da za ta yi masa gardama. Ya ari lasifika a wurin mai tallan maganin gargajiya, ya lallaɓa Okey ya ba shi aron janareta. Ya bi layi yana shela cewa duk wanda bai zo ba ya yi asarar abin ba wa jikoki labari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar ta zo, aka share fili gaban shagon Okey. Mai Unguwa ya zauna kan kujera cikin farar shadda da ta sha bugu, dattawa a gefensa, jar hula kan teburi. 'Yan acaɓa suka kashe babura suka hau kai suna kallo. Shatu ta ɗora kasko kan murhun gas, don ta san taro ba ya rasa yunwa. A tsakiyar fili an tara damin kara, can gefe ga daro da ɗan fetur a ciki, wanda Nu'uman ɗan bumburutu ya bayar yana gunaguni.

Maliki ya fito da babbar riga, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya tuɓe takalmi wai don ƙafa ta kama ƙasa. Ya yaye zanen da ya rufe tukwanen.

Baba Sha'aban ya miƙe tsaye, abin da ya yi wata uku bai yi da sauri ba. "Innalillahi! Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan?"

Maliki ya kai lasifika baki, muryarsa ta danne ta tsoho. "Jama'ar Daura! Yau za ku ga aiki irin na Kano! A kunna!"

Aka kunna kara, wuta ta tashi. Maliki ya zaga tukwanen yana taƙama, ya zaɓi mai ƙaho, don ta fi kama da kakaki, kuma kakaki ai na sarakai ne.

"Ba ita ba!" in ji Baba Sha'aban. "Kara ruwa yake so! Kuma saki ƙahon nan!"

Maliki ya damƙe ƙaho da hannu sosai, ya zare fil, ya matsa. Tukunya ta yi wani gurnani, farin hayaƙi ya fita da ƙarfi ya bugi dami. Kara mai ci da wuta ya tashi sama kamar fara, ya watsu kan 'yan kallo. 'Yan acaɓa suka diro suna kakkaɓe riguna. Shi kuwa Maliki sai ya ji tafin hannunsa ya ƙanƙare, sanyi na cizonsa kamar kunama. Ya yar da tukunya ya cusa hannun a hammata yana tsalle da ƙafa ɗaya.

"Oga, wutar ce ta kama ka ko sanyin?" in ji Okey.

"Salo ne! Ana fara tarwatsa abokin gaba kafin a bi shi ɗaya-ɗaya!"

Mutane suka bi abokan gaban ɗaya-ɗaya da takalma suka tattake. Mai Unguwa ya cire wani ɗan kara daga rawaninsa.

"A kunna fetur!" in ji Maliki, don kada a ba jama'a lokacin tunani.

Nu'uman ya jefa ashana daga nesa ya ruga. Maliki ya ɗaga tukwanen da suka rage ɗaya bayan ɗaya yana auna nauyi, ya ɗauki wadda ta fi cika hannu. Babbar wuta, babbar tukunya, in ji shi. Ya matsa, sai ga ruwa tsiiii, ya daki tsakiyar daro. Fetur bai san kunya ba. Ya hau kan ruwan kamar an ba shi jaki, ya fantsama, ya malala ƙasa yana ci, ya kama hanya sak zuwa shagon Okey.

"Chineke!" Okey ya kira Ubangiji da yarensu, ya ɗora hannu a ka. "Maliki, tayoyina! Shagona! Ka ce za ka kashe wuta, ka ba ta mota!"

"Kwantar da hankalinka, kora ta nake yi inda zan kama ta!"

Wutar ta isa wayar da ta haɗa janareta da lasifika, roba ta fara narkewa tana tartsatsi. Maliki ya wawuri tukunya ta uku ya bi wutar da gudu, ƙafa ba takalmi, cikin laka da ruwan da shi da kansa ya zuba. Ya matsa, kumfa ta fito. Da fetur ɗin ya nufa da ita, da ya dace ko da bisa kuskure. Amma tartsatsi ya fi ɗaukar ido, sai ya juya bakin mesa kan waya.

"Lantarki ne! A kashe janareta!" Baba Sha'aban ya yi ihu har muryarsa ta dishe.

Jama'ar Daura sun ga rawa iri-iri, amma ba su taɓa ganin irin wadda Maliki ya taka ba. Kafaɗa ta tafi gabas, ƙugu ya tafi yamma, haƙora na kaɗawa, gemu ya miƙe tsaye kamar tsintsiya. Allah ya sa Okey ya daka tsalle ya murɗe makunnin janareta. Maliki ya zauna daɓas cikin kumfa. Kanikawa suka kwaso yashi a kwanon sarki suka binne fetur ɗin taku biyu kafin tayoyin Okey.

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Malam, a maimaita, ban ɗauka a waya ba!"

Shatu ta bar kaskonta ta rugo tana salati. "Malam, kana da rai? Ka bari haka, don girman Allah. Hula ba ta kai wannan ba."

Da ta yi shiru, da wataƙila ya haƙura. Amma kalmar hula ta tashe shi kamar an tsikare shi da allura. Ya hango ta can kan teburi, ya ga Mai Unguwa ya ɗora hannu a kanta kamar zai mayar da ita leda. Ya ture Shatu, ya rarumi tukunya ta huɗu, ya nufi teburin yana tangaɗi don ya yi bayani.

"Ranka ya daɗe, waɗancan uku na jabu ne. Wannan ita ce ta gaske. Ka ga, nan ake zarewa, nan ake..."

Hannun da lantarki ya kaɗa bai gama dawowa hayyacinsa ba. Ya matse. Mesa ta kuɓuce tana bulala kamar maciji, hoda ta turnuƙe. Da ta lafa, sai ga Mai Unguwa da dattawa shida zaune fari fat, kamar an tono su daga buhun fulawa, ba abin da ke motsi sai idanu. Wani dattijo ya yi atishawa, ƙura ta tashi daga gemunsa.

Mai Unguwa ya tofar da hoda, ya ce a hankali, "Maliki, ni ne wutar?"

Kafin Maliki ya samo amsa, wata mata ta ƙwala ihu daga bakin layi. Kaskon da Shatu ta bari kan gas ya yi zafi har man ya kama. Wannan ba wutar wasa ba ce, ba wanda ya shirya ta. Harshenta na lasar zanar rumfa, kuma rumfar a manne take da shaguna goma sha biyu.

Baba Sha'aban ya ƙirga da yatsu, ya daka wa Maliki tsawa. "Iska ta tafi, ruwa ya tafi, kumfa ta tafi, hoda ta tafi! Wadda ta rage ita ce mai rawaya! Ita ce daidai! Ɗauke ta, Maliki, yau Allah ya ba ka sa'a duk da wautarka!"

Ga tukunya ɗaya tal, ko makaho ba zai yi kuskuren zaɓi ba. Ga jama'a na kallo. Ga hula. Maliki ya dubi tukunyar, ya tuna sanyi, ya tuna rawa, ya tuna fuskar Mai Unguwa. Ya sa ƙafa ya shure ta.

"Huɗu sun ci amanata, ta biyar ce za ta riƙe? Ku matsa! Yau za ku ga ruwan Kusugu!"

"Kada ka zuba ruwa a mai!" Baba Sha'aban da Shatu da Okey suka haɗa baki.

Ya riga ya watsa.

Kasko ya yi wata ƙara, bummm, wuta ta yi tsiri ta wuce tsayin rumfa, ta buɗe kamar lema. Maliki ya faɗi da baya, bokiti ya kife masa a ciki. Warin babbaka ya cika layin, irin na ranar layya.

Shatu ba ta ko dube shi ba. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta duƙa ta zagaya ta baya ta murɗe kan gas. Ta ɗauko tukunyar da mijinta ya shure, ta zare fil, ta tsaya daga ɗan nesa ta bi kaskon da feshi a hankali, tana zagayawa, kamar yadda tsoho ya faɗa ranar da wasu ke dariya ta hanci. Man ya yi kumfa ya kwanta. Okey da kanikawa suka fizgo zanar da ta kama suka jefar a fili, mai shayi ya juye mata ruwan randa, don ita zana ruwan take so. Kafin a karanta Fatiha uku, ba sauran wuta a Layin Kanikawa.

Aka ɗaga Maliki. Lafiyarsa ƙalau, sai dai gemun da ya shekara goma sha biyar yana shafawa ya tafi, girar ma ta raka shi. Fuskarsa ta fito sumul kamar ƙwan zabo.

Mai Unguwa ya taso, hoda na zuba daga shaddarsa a kowane taku. Ya hure jar hula, ya wuce Maliki da ya riga ya sunkuyar da kai don karɓa, ya miƙa wa Shatu.

Maliki ya ce, "Ranka ya daɗe, mace?"

"A Daura kake, Maliki. Ba yau aka fara ba mace sarauta a garin nan ba. Daga yau ita ce Magajiyar Wutar Layi. Kai ma ba za ka tafi hannu rabbana ba. A ba shi reza. Tukwanen nan biyar, sai ka kankare su har ɗamarar kowace ta fito, sannan a kai a sake cika su."

Kwana tara ya yi a kan bencinsa yana kankara, Baba Sha'aban na zaune kusa yana sa shi maimaitawa: ja ta kara, madara ta fetur, baƙa ta lantarki. In ya yi kuskure sai 'yan acaɓa su amsa masa baki ɗaya. Suna kuwa ya samu, wanda ya daɗe yana nema. Daga tasha har bakin Kusugu ba mai ce masa Maliki tsurarsa, sai Mijin Magajiya.

Hali kuwa zanen dutse. A rana ta goma wani baƙo daga Mai'adua ya tsaya sayen ƙosai, ya ga jar hula rataye a sabuwar rumfa ya tambayi labarinta. Maliki ya kai hannu zai shafa gemu, ya shafi iska, ya gyara murya.

"Ai duk abin da ka ji ta yi ranar nan, ni na koya mata."

Shatu ta tsame ƙosai ta zuba wa baƙo yaji. Ta ce, "Gaskiya ya faɗa, ɗan'uwa. Na tsaya na kalli duk abin da ya yi, sai na yi akasinsa."

Nan tatsuniyar ta mutu murus, ba hayaƙi ba garwashi. Gemun dai an ce yana tsirowa.